Ɗakin Baba da ɗakin Hajiya: inda aiki ya kai

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau ni da ƙanena muka yaye tamfol ɗin da ya daɗe lulluɓe da tirelar Baba a tsakar gidanmu na Agege. Wanda bai san gidan ba zai ɗauka irin tirelar dakon kaya ce ta Apapa. A'a, ɗaki ne mai taya biyu, na tafi-da-gidanka, irin wanda Turawa ke ɗaura wa mota su tafi shan iska su kwana a ciki. Mu dai tun muna yara sunanta ɗakin Baba.

Marigayi mahaifinmu direba ne a wani kamfanin gine-gine a zamanin da kuɗin fetur ya cika ƙasa. Wani injiniyan kamfanin ne ya shigo da ita daga Ingila yana kwana a ciki a wuraren aikin hanya, da zai koma gida a 1979 ya bar wa Baba. A jikin ƙarfen gaba akwai ɗan faranti, na goge shi da kananzir har rubutun ya fito: Sprite, Newmarket. Wani Bature mai suna Sam Alper ne ya kafa wannan kamfani bayan yaƙin duniya na biyu, don ya ƙera wa masu ƙaramin ƙarfi tirela mai araha marar nauyi. Rashin nauyin daga ƙirarta ne: shasi na ƙarfe a ƙasa, ƙwarangwal na siraran katako a samansa, sannan fatar alminiyam daga waje. Fatar ba ta tsatsa, don haka daga nesa za ka rantse lafiyarta lau.

Aiki biyu na ɗaura wa kaina a bana. Na farko ɗakin Hajiya, mahaifiyarmu, wanda bangonsa ke jiƙewa duk damina har tana kwana da tari. Na biyu tirelar nan. Hajiya ta shekara shida ba ta taka Kano ba, saboda gwiwoyinta ba sa jure zaman mota na yini da dare. Ina so in kai ta a kwana uku, a tsaya inda aka ga dama, ta sami inda za ta miƙe ƙafa, ta yi alwala da salla a tsanake. Hunturu ne yanzu, iska a bushe. Wata uku ke gare ni kafin ruwan Afrilu.

Asabar, 25 ga Janairu

Na yini da sukurudireba a hannu ina caka katako daga ciki, kusurwa bayan kusurwa. Inda bakinta ya tsaya, katako na da rai. Inda ta nutse kamar a cikin burodi, ya mutu. Kusurwoyin baya biyu sun mutu tun daga rufi har ƙasa. Daɓen filawud na bakin ƙofa ya ruɓe faɗin taku biyu. Gara ta hau ta ƙafar jak ɗin baya ta cinye ƙarƙashin gado.

Abin da ya ci mini lokaci shi ne gano ta inda ruwan ya shiga, don rufin ba shi da huda ko ɗaya. Sai da na hau tsani na duba siririn ƙarfen alminiyam da ya zagaye gefen rufi, wanda ke rufe mahaɗar rufi da bango. A ƙarƙashinsa akwai wani gam mai danƙo da ke hana ruwa wucewa. Rana ta gasa shi shekara da shekaru har ya koma kamar busasshen laka. Sukurorin da suka riƙe ƙarfen kuma na baƙin ƙarfe ne, kuma idan baƙin ƙarfe ya haɗu da alminiyam a wuri mai laima, musamman iskar Legas mai gishirin teku, alminiyam ɗin da ke kewaye da sukuru yakan ci, ya yi fari-fari, ramin ya faɗaɗa. Kowane sukuru ya zama ƙaramar ƙofa. Na ƙirga 140 a gefe ɗaya. Ɗigo-ɗigo ruwan ke bi ta nan, ya sauka cikin bango, ba wanda ya gani.

Kawu ya zo da la'asar ya same ni cikin ruɓaɓɓen katako. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, 'yan gwangwan za su saye alminiyam ɗin nan da daraja. Ka haɗa kuɗin ka yi wa uwarka ɗaki." Na ce, "Kawu, ɗakin zan yi shi da yardar Allah. Wannan kuwa hannun Baba na jikinta." Na nuna masa ƙugiyar da Baba ya kafa da kansa a bayan ƙofa yana rataye carbi. Bai ƙara magana a kai ba. Da zai tafi ya ce in ta tashi, Hilux ɗinsa na nan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mun mayar da Hajiya ɗakin uwargida, mun kwashe kayanta. A bayan kabad bangon ya yi baƙi, filasta tana ɓarewa da yatsa, ga wani farin gari kamar kanwa a jiki har tsayin gwiwa. Sau uku ana yi wa ɗakin nan fenti a cikin shekara goma. Na ƙarshe ni na biya, na kuma ce a sa fentin mai don ya hana ruwa. Kuskure ne, don fentin mai yana kulle danshi a cikin bango, ya hana shi fita, sai ya ƙara hawa sama yana neman hanya.

Na ɗauko dogon tiyo mai haske na cika shi da ruwa, irin yadda tsofaffin magina ke awo. Ƙanena ya riƙe baki ɗaya a cikin ɗaki, na riƙe ɗayan a waje, muka sa alama inda ruwan ya tsaya. Ƙasar lungun da ke bayan ɗakin ta fi daɓen ciki tudu da santimita 18. Duk wanda ya daɗe a Legas ya san yadda hakan ke faruwa. Ana gyara titi a ɗaga shi, maƙwabci ya cike gidansa da ƙasa don kada ruwa ya shigar masa, kai ma ka cike naka, gidan da aka gina a kan tudu ya wayi gari a kwari. Ga shi kwanon rufin ba shi da indararo ta wannan gefen, ruwan sama na zuba a gindin bango kai tsaye ya kwanta.

Silin ɗin ɗakin na asbestos ne, irin faifan da aka yi yayi a da. Biyu sun tsage. Ƙurar asbestos tana lalata huhu, kuma ciwon yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana. Na kori yara daga sashen, muka sa takunkumi, muka jiƙa faifan da ruwa sosai, muka zare ƙusoshi muka sauke su ɗungurungum ba tare da fasawa ko yanka ba, muka naɗe a leda biyu. Ina roƙon duk mai irin wannan silin kada ya bari lebura ya hau shi da guduma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shasi. Mun ɗaga tirelar a kan bulo da falankai, na shiga ƙarƙashi da burushin waya. Alhamdu lillahi, tsatsar ta saman ƙarfe ce, sai wuri ɗaya kusa da jak ɗin baya da ta huda. Mai walda ya yanke wurin ya ɗora sabon ƙarfe. Na cire duk katakon da ke kusa kafin ya kunna wuta, na ajiye bokiti biyu na ruwa a gefe. Jan fentin hana tsatsa shafi biyu, baƙi shafi ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, aikin ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi. Zafin Maris a cikin akwatin alminiyam ba abin da mai azumi zai jure ba ne.

Akwai wani dattijo Bayarabe kafinta a layinmu, abokin Baba ne, Hausarsa ta fi ta yaran da aka haifa a nan. Agege ta daɗe da haɗa mu da su, tun zamanin da fataucin goro da layin dogo suka kawo kakanninmu. Na je masa da niyyar sayen iroko don ƙwarangwal, saboda gara ba ta son sa. Ya girgiza kai. "Malam ƙarami, iroko na ƙofar gida ne. Ka sa shi a abin da mota za ta ja, ka kashe sifirin, ka kashe mota." Na ce to obeche, tunda ba shi da nauyi. Ya ce obeche abincin ƙwaro ne, kuma ba ya riƙe sukuru da kyau. Muka tsaya a kan mahogani busasshe don kusurwoyi da bakin ƙofa, inda ake bukatar ƙarfi, sauran kuma katako mai sauƙi da aka shayar da Solignum, maganin da ke kare katako daga gara.

Shi ya hana ni yin abin da na yi niyya, wato ɓalle bangon baya gaba ɗaya in sake shi. Ya ce ƙwarangwal da fatar da bangon ciki suna riƙe juna ne, ba ɗayansu da ke tsayuwa shi kaɗai. Idan na cire da yawa a lokaci guda, jikin zai karkace, ƙofa da tagogi ba za su sake zama a mazauninsu ba. Don haka sanda ɗaya nake cirewa, in auna ta, in yanka sabuwa, in haɗa da gam da sukuru, sannan in taɓa ta kusa da ita. Inda rabin sanda ke da rai, ana yanka ta a karkace a haɗa da sabuwa a karkace, don gam ya sami faɗin kamawa. Ya nuna mini sau ɗaya da zartonsa. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in kai masa kunun buɗa baki.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan ƙaramar salla na ɗauki hutun mako ɗaya daga shago na ba ɗakin Hajiya. Mun haƙe lungun baya har ya koma ƙasa da daɓen ciki da santimita 15, muka zuba kankare da gangara ta santimita 2 a kowace mita zuwa kwatar waje. Mun sa indararo da bututun da ke sauke ruwa cikin tanki. A ciki mun ɓare filasta har tsayin mita ɗaya, muka bar bulo tsirara tun Fabrairu yana shan iska. Birkila ya so ya yi amfani da yashin da ya rage a wani aiki, na ɗanɗana shi a harshe na ji gishiri, na ce a'a. Yashi mai gishiri yana janyo laima daga iska, farin garin nan zai dawo. Muka sayo wankakke. Siminti kwano ɗaya, yashi kwano huɗu, da maganin hana ruwa a cikin kwaɓin. Kwana bakwai ina yayyafa wa filastar ruwa safe da yamma don kada ta bushe da gaggawa ta tsage. Fenti sai bayan wata guda, kuma na ruwa.

A tirela kuwa na yi asarar kwana biyu. Na mayar da ƙarfen gefen rufi da silikon, wanda wani mai shago ya tabbatar mini ba abin da ya fi shi. Ruwan farko na ranar Laraba ya nuna mini ɗigo a sabuwar kusurwar da na gama. Silikon ba ya daɗewa manne da tsohon alminiyam mai motsi, wanda rana ke buɗawa sanyi ya tsuke, kuma inda ya taɓa, wani gam ba ya kamawa sai an kankare shi tas. Na sake kwance sukurori duka, na kankare, na wanke da fetur kaɗan a tsumma, na shimfiɗa tef ɗin butil, wanda ba ya bushewa, yana nan da danƙonsa yana bin motsin ƙarfe. Sukurori na sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowane ɗaya na tsoma bakinsa cikin gam kafin in ɗaure. Ba a ɗaurewa har ƙarshe, sai dai a ga butil ya ɗan bulbulo ta gefe a tsaya.

Asabar, 10 ga Mayu

Tayoyin da ke jiki zanensu bai ci ba ko kaɗan, har ƙanena ya ce a bar su. Na nuna masa lambar da ke gefe. Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Namu lambobi uku ne, wato kafin shekarar 2000 aka yi su. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Na sayi sababbi uku, inci 13, masu harafin C na ɗaukar kaya, na duba lambar kowacce da idona. Tokumbo ban ko taya ba, don uwata zan bi hanyar Jebba da ita.

Kasuwar kayan mota ta Ladipo ta ba ni boris ɗin taya. Na tafi da tsofaffin a leda, wani yaro ya karanta lambar da ke jikinsu, ya ɓace cikin layukan, bayan rabin awa ya dawo da irinsu sak. Na cika su da giris da tafin hannu, na ɗaure noti har taya ta fara nauyin juyawa, sannan na sassauta kaɗan na sa fil.

Birkin tirelar nan ya burge ni. Ba shi da waya, ba shi da mai. Idan mota ta rage gudu, nauyin tirela yana tura ƙarfen gaba ya shige ciki, shi kuma ya ja sanda, sandar ta buɗe takalman birki a cikin ganga. Illarsa ɗaya: in za ka yi baya, turawar mota ma birki take kamawa, sai ka sauka ka jefa wani ɗan ƙarfe da hannu ya kulle shi. Duk ya daskare da tsatsa. Kwana uku yana shan mai kafin ya motsa.

Asabar, 14 ga Yuni

Babbar salla ta wuce, ruwa ya kankama. Daren Talata an yi wanda ya cika layinmu har idon sawu. Na tashi ƙarfe uku na dare da tocila, na fara shiga ɗakin Hajiya na shafa bango daga ƙasa zuwa sama, a bushe. Na leƙa lungu, ruwa na gudu zuwa kwata bai tsaya ba. Na shiga tirela na zauna a kan akwatin taya ina sauraron ruwa a kan rufi, ina haska kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya. Kusurwoyi lafiya. Tagar gaba ce ke hawaye ta ƙasan hagu, robarta ta tsage. Masu gilashin danfo suna da robar da ta yi daidai da kaurin gilashin, sun sa mini ita da igiya a cikin minti ashirin.

Labarin ambaliyar Mokwa na ƙarshen Mayu bai bar zuciyata ba. Garin yana kan hanyar da nake shirin bi, kuma akwai 'yan uwan maƙwabtanmu a cikin waɗanda abin ya shafa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa masu rai da alheri. Na ɗage tafiyar zuwa Disamba, bayan ruwa ya ɗauke.

Lahadi, 13 ga Yuli

Sai da na zo gyaran matakala na lura da abin da na shekara arba'in ina gani: ƙofar tirelar a hagu take. A Ingila ta hagu ake tuƙi, don haka ƙofa na buɗewa ta gefen daji. Nijeriya ta koma tuƙi ta dama tun 2 ga Afrilu, 1972. Ke nan in na tsaya a bakin titi, Hajiya za ta sauko ne ta gefen da tanka da manyan motoci ke wucewa. Na yi tunanin mayar da ƙofar dama, dattijon kafintan nan ya ce hakan na nufin yanka sabuwar fata da rusa kicin. Na haƙura. Dokar tafiyar ita ce ba tsayawa a kafaɗar hanya, sai cikin gidan mai, harabar masallaci ko gidan 'yan uwa. Doka ta biyu, ba mai zama a ciki tana tafiya. Hajiya ta so hakan, ta ce wa uwargida, "Ki gaya wa yaron nan ya bar ni in kwanta a ciki, ai shi ne amfaninta." Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Na durƙusa na yi mata bayani cewa ba bel a ciki, bangon kuma bai fi kaurin yatsa biyu ba, ba zai kare mutum ba in wani abu ya faru. Ta yi shiru, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Tsofaffin bututun gas na cire su duka. Tukunya mai kilo 6 za ta zauna a akwatin waje a kan ƙarfen gaba, da sabon tiyo da regileta. A daɓe akwai ramuka biyu masu raga a ƙarƙashin kicin, da na ɗauka ɓera ne ya yi su, na kusa toshewa. Da gangan aka yi su: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ta nan zai fita. Na sabunta ragar na bar su a buɗe.

Wuta: batir mai bolt 12, amfiya 100, da faifan sola mai wat 200. Ban kafa faifan a rufi ba, don ba zan sake huda rufin nan ba, kuma gara tirela ta tsaya a inuwa faifan ya fita rana a kan doguwar waya. Fiyus yana dab da batir. Fanka biyu, ƙwan fitila huɗu, wurin cajin waya. Kowace taga ta sami ragar sauro.

Asabar, 9 ga Agusta

Ruwa ya ɗan sarara kamar yadda ya saba a Agusta. Hajiya ta koma ɗakinta ranar Alhamis, bango ruwan madara, sabon silin, kabad an janye shi daga bango faɗin tafin hannu don iska ta ratsa. Uwargida ta ce dare biyu ba ta ji tarinta ba.

Yau bayan asuba Kawu ya kawo Hilux. Mai walda ya riga ya ɗaura mata ƙwallon ja mai milimita 50. Kafin haɗawa na ɗora ƙarfen gaba a kan sikelin awon mutum da guntun katako. Ana so nauyin da ke danna ƙwallon ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirela, in ya gaza hakan takan yi lilo a bayan mota in an ɗauki gudu. Ya nuna kilo 31, ya yi kaɗan. Na matsar da batir da jarkar ruwa daga baya zuwa gaban tayoyi, ya koma 50.

Mun ja ta a hankali daga ƙofar gida zuwa filin ƙwallon unguwa, yara na bin mu a guje. Kawu ne a sitiyari. Zagaye biyar muka yi. Birkin hagu yana riga na dama kamawa, fitilar sigina ta dama ba ta kawowa, ƙofar kabad ɗin kicin tana buɗewa a kwana. Da muka tsaya, Kawu ya shiga ciki shi kaɗai ya zauna a bakin gado, ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Ɗana, katifar nan ta yi wa Yaya tauri, a sake ta."

Saura daidaita birki, wayar sigina, sakatar kabad, labule, katifa, sai takardu da lamba. Mako mai zuwa birki.